Ƙabar Baffa da ƙananan likitoci uku: abin da marasa lafiya ke nema a wajen mai koyon tiyata

Duk wanda ya taɓa jinya a ɗakin 'yan tiyata na babban asibiti ya san cewa kwansaltan, wato babban ƙwararren likita, ba shi ne likitanka na yau da gobe ba. Shi sai ranar zagaye za ka gan shi da tawaga a bayansa, ya tsaya a bakin gadonka na 'yan mintoci, ya yi tambaya, ya ba da umarni, ya wuce gado na gaba. Wanda zai zo da ƙarfe biyun dare in ciki ya kumbura, wanda zai nemi jijiya ya sa kanula, ya rubuta magani, ya buɗe ciwo ya duba, ya kawo takardar sa hannu kafin aiki, duk ƙaramin likita ne mai koyon fiɗa. To amma in ana maganar wane irin hali ake so ga waɗannan matasa, malamansu ne kawai ke magana, su ke shirya jarrabawa su ke ba da maki, ba kasafai ake juyowa a tambayi wanda ke kwance a gadon ba. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya faru da ƙanen mahaifina, Baffa, da abin da shi da makwabtan gadonsa suka riƙa faɗa game da likitocin da suka yi ta kai da kawo a kansu.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba balle na wani likita, don ba ƙarar kowa na kawo ba. Zariya dai gari ne na asibitoci da masu koyon aikin lafiya, tun 1967 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci, ga Shika inda asibitin koyarwa ya koma a 2005, ga tsohon wurinsa a Tudun Wada, ga Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na mishan a Wusasa, ban da masu zaman kansu da ba su ƙirguwa. Bazazzagi ya saba da ganin yara masu farar riga, wani lokacin ma ɗan makwabtansa ne.

Kuma wanda muke ce wa ƙarami ɗin nan ba wai yaro ba ne fa. Shekara 6 yake yi a jami'a, sannan shekara 1 ta hawus job inda yake zagaya ɓangarori huɗu, tiyata da yara da mata da cututtukan manya, sannan bautar ƙasa, sannan in yana son fiɗa sai ya ci jarrabawar share fage, wadda ake ce wa firamare, ta ɗaya daga cikin kwalejojin horar da ƙwararrun likitoci biyu, ta ƙasa da aka kafa a 1979 wadda ke Legas, ko ta likitocin fiɗa na Afirka ta Yamma da ta samo asali tun 1960. Daga nan ya zama ƙaramin rijistara na shekara 2 zuwa 3, ya ci jarrabawar kashi na ɗaya ya zama babban rijistara, ya ƙara wasu shekarun, ya rubuta bincike, ya ci kashi na biyu, sai a lokacin zai zama kwansaltan. Wato wanda Baffa ke kira "yaron nan" zai iya kasancewa magidanci mai 'ya'ya da ya haura shekara 10 yana cikin harkar. Mara lafiya shi bai san duk wannan tsani ba, farar riga ɗaya ce a wajensa, kuma galibi babu mai gaya masa.

Baffa ɗan kasuwar hatsi ne, ya haura 60, ya daɗe da ƙaba a matsematsinsa na dama, irin wadda in ya tsaya ta fito in ya kwanta ya tura ta da hannu ta koma. An sha ce masa ya je a yi aiki yana cewa sai bayan kaka, kakar ta zo ta wuce ya ce sai bayan azumi. Ga shi aikin ƙaba in an yi shi a natse ba wani babban abu ba ne, sau da yawa allurar baya ko ta wurin kawai ake yi, mutum ya koma gida a ranar ko washegari. Sai ranar da ya kama wa yaransa buhun masara abin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, ciwo ya taso, ya fara amai. Aka kira mai kemis ya yi masa allura, aka dafa masa wasu saiwoyi, aka kwana, washegari ciki ya kumbura ba bayan gida ba fitar iska, sai da yamma ta yi sannan Yaya, babban ɗansa, ya samo mota muka kai shi emajensi. Abin da ke faruwa a irin wannan hali shi ne hanji ya sauko ta ƙofar ya maƙale, ƙofar ta shaƙe jijiyoyin da ke kai masa jini, kuma hanjin da jini ya daina zuwa masa cikin 'yan awoyi yake mutuwa. Baffa ya wuce kwana guda a haka.

Likitan farko da ya taɓa shi ɗan hawus job ne, siriri, da ganinsa sabo ne. Jikin Baffa ya bushe saboda amai, jijiyoyi duk sun ɓuya, yaron ya soka ya rasa, ya sake sokawa a ɗaya hannun ya rasa, ni har raina ya fara ɓaci. Sai ya ajiye allurar ya ce, "Baba ka yi haƙuri, na gwada sau biyu ban samu ba, ba zan ƙara huda ka ba, bari in kira wanda ya fi ni." Ya fita da sauri ya dawo da rijistara, wanda daga baya 'yan ɗakin suka sa wa suna Jirgi saboda ba ya tafiya sai dai ya wuce fuuu. Jirgi ko kallon fuskar Baffa bai yi ba, ya ɗaure hannu, ya ɗan bubbuga, shiga ɗaya ya samu, ruwa ya fara gudu. Ya taɓa cikin, ya taɓa ƙabar, ya ce a sa robar hanci da ta fitsari, a ɗebi jini a kai gwaji, a nemo masu ba da jini, yau za a shiga tiyata. Duk wannan da Turanci yake faɗa wa ɗan hawus job, ga shi kuwa Bahaushe ne, don na ji shi yana waya da Hausa tsantsa.

Takardar sa hannu a baranda aka yi ta. Jirgi ya kira Yaya ya ce masa akwai yiwuwar hanjin ya lalace, in haka ne za a yanke wurin a haɗa, kuma akwai haɗari saboda shekarunsa da daɗewar da aka yi. Gaskiya bayaninsa daidai ne, bai ɓoye komai ba, cikin minti biyu ya gama. Yaya ya sa hannu sannan ya roƙe shi kada a gaya wa tsohon don kada hankalinsa ya tashi, Jirgi ya ce to. Aka je aka dangwala yatsan Baffa a takardar, aka ce masa za a gyara ƙaba ne. Baffa kuwa yana cikin hankalinsa sarai, har yana tambayar ko an rufe shago.

An shiga da shi bayan isha'i, aka fito tsakar dare. An samu wani yanki na ƙaramin hanji ya yi baƙi, aka yanke aka haɗa, aka ɗinke ƙofar ƙabar da zare ba tare da sa ragar nan ta roba ba, don ba a son sa ta a wurin da ƙazantar hanji ta taɓa, tana iya jawo ruɓa. Babban rijistara ne ya yi aikin, Jirgi ya taimaka masa kuma shi ya rufe, kwansaltan kuma an yi magana da shi ta waya. Wannan duk sai daga baya muka sani.

Da safe ne likita ta uku ta bayyana, ƙaramar rijistara ce, ba Bahaushiya ba amma a Sabon Gari ta tashi, Hausarta irin ta can ce, namiji da mace duk ta haɗa su wuri guda, 'yan ɗakin suka riƙa ce mata 'Yar Sabon Gari. Ta yi sallama, ta ja kujera ta zauna daidai kan Baffa maimakon ta tsaya masa a ka, ta faɗi sunanta, ta ce, "Baba ni ina koyon aikin tiyata ne, akwai manya biyu a samana, amma ni za ka riƙa gani kullum." Da ta ce za ta duba wurin aikin sai Baffa ya riƙe zanen rufarsa gam ya kawar da kai, kun san wurin da ƙaba take, ga ni ga Yaya a tsaye, ga mace sa'ar 'yarsa. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma yi masa wa'azin cewa likita ba ya da jinsi ba. Ta ce mu fita, ta ja labulen nan mai taya ta kewaye gadon, ta kira ɗan hawus job ya tsaya, ta ce Baffa da kansa ya janye zanen iya wurin filasta kawai sauran ya rufe. Daga ranar bai ƙara yi mata musu ba, har ya koma ce mata 'yata.

Ita ce kuma ta fasa ƙwan, ba da gangan ba. Kwana biyu da aiki Baffa ya dame mu da maganar koko, an hana shi ko ruwa, robar hanci na ta fitar da wani koren ruwa, ya ce wai aikin ƙaba ne sai ka ce horo, abokinsa da aka yi wa washegari ya ci tuwo. Ta ce masa ai nasa daban ne tunda an yanke hanji an haɗa, dole a jira hanjin ya farfaɗo, alamar ita ce ya fitar da iska, shi ya sa kullum take sa abin sauraro a cikinsa tana tambayarsa wannan tambayar mai ban kunya. Baffa ya yi shiru, ya ce, "An yanke me?" Sai ta gane bai sani ba. Ta dubi Yaya, ta dubi Baffa, ta ɗauki biro ta zana masa a bayan takardar magani, ga hanji, ga inda ya maƙale, ga inda aka cire, ta nuna masa tsawon da hannunta, ta ce hanjin mutum yana da tsawo sosai, abin da ya rage zai ishe shi cin tuwo har ƙarshen rayuwarsa in Allah ya yarda.

Ranar Yaya ya sha faɗa. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne fushin Baffa bai tsaya kan ɗansa ba, ya ce ɗa dai tausayi ne ya sa shi, amma shi likitan da ya karɓi yatsansa ya san abin da ke rubuce a takardar. Ya ce, "Cikin nawa ne ko na Yayanku? Ni da na binne iyayena da 'ya'ya biyu za a ce ba zan iya jin an yanke min hanji ba?" Ya ce da an gaya masa da ya yi wasiyya, akwai bashin mutane a kansa da amanar da babu wanda ya san da ita, da ya mutu a teburin nan fa?

A nan ni ina bayan Baffa ɗari bisa ɗari, duk da na san al'adarmu ce, mu dangi mu ke jan likita gefe mu ce a ɓoye, kuma ƙaramin likita da ke da mutum biyar suna jiransa a emajensi ya fi masa sauƙi ya ce to. Amma ko a doka hakkin mara lafiya ne, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi masa bayanin halin da yake ciki da irin maganin da za a yi masa, kuma gwargwadon iko a harshen da yake ji, an kuma sake jaddada wannan a kundin hakkokin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018. Akwai ma jerin tambayoyin kariya na tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wanda a cikinsa ake so kafin a sa wuƙa kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. To in har ana ganin muhimmancin ma'aikata su san juna a lokacin da mara lafiya ke barci, ina ga shi mai cikin lokacin da idonsa biyu?

Don maganar wa ya yi aikin ma ta taso. Ranar zagaye kwansaltan ya zo, dattijo mai furfura, Baffa ya kama hannunsa yana ta godiya da addu'a, shi kuma mutumin kirki sai ya nuna babban rijistara da Jirgi ya ce ga waɗanda za ka gode wa, ni ina gida aka kira ni. Na zaci Baffa zai ji haushi a ce yara ne suka buɗe shi. Ko kaɗan. Da dare da ake hira ya ce ai ko wanzami a kan wani ya koyi aski, kuma shi ya yarda a koya a kansa tunda wasu ma sun yarda an koya a kansu kafin a kai ga warkar da shi, sharaɗinsa biyu ne kawai, a gaya masa cewa mai koyo ne, kuma maigidan ya kasance inda in an kira shi zai ji.

Wannan hirar ta dare ita ce ta sa na fara sauraro da kyau, don ɗakin maza in an kashe manyan fitilu kowa sai ya zama alƙali, ana bin likitoci ɗaya bayan ɗaya ana yanke musu hukunci. Kuma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai wani direban hanyar Kaduna da ya yi haɗari aka cire masa saifa, shi ɗan gani kashe nin Jirgi ne, yana cewa shi ba gaisuwa ta kawo shi ba, da jini na zuba a cikinsa ba mai fara'a ya nema ba, mai hannu ya nema, kuma in Jirgi ya cire maka roba ko zare kafin ka ce wash ya gama, ita kuwa 'Yar Sabon Gari sai ta yi ta lallashi ciwon na ƙara tsawo. Yana da gaskiyarsa. Babu wanda ya ƙaryata shi a kan cewa iya aiki shi ne farko, abin da suka ce masa kawai shi ne mara lafiya ba shi da hanyar auna iya aikin da aka yi a cikin cikinsa yana barci, abin da yake gani shi ne kanula da diresin da magana, a kansu yake gina yardarsa.

Wani dattijon Bafulatani daga wajen Giwa da ke fama da ciwon mafitsara, shi abu ɗaya ya riƙe, cika alkawari. Ya ce akwai likitan da zai ce maka "ina zuwa" da hantsi ba za ka ƙara ganinsa ba sai gobe, kai kuma ka ƙi barci ka ƙi zagayawa kana jira. Ya ce gara a ce masa ba zan samu dawowa ba sai gobe, ya san inda dare ya yi masa. Shi ɗan hawus job ɗin nan ya fi so, don in ya ce bayan la'asar to bayan la'asar ɗin ne, ko da zuwa zai yi ya ce sakamakon gwajin bai fito ba.

Sai wani saurayi da taifot ta huda masa hanji aka fito masa da bakin hanjin ta gefen ciki, bayan gida na zuba a leda. Shi ba ya yawan magana, amma ranar da ya yi ɗakin ya yi tsit. Ya ce shi fuska yake kallo. In an buɗe ledar akwai wanda ke ɗan ja da baya ya yamutsa hanci ko da na daƙiƙa ɗaya ne, kuma shi yana gani, ranar ba ya iya cin abinci. Ya ce Jirgi duk rashin maganarsa fuskarsa ba ta taɓa canzawa ba, yana taɓa wurin kamar yana taɓa hannu, kuma wannan ya fi masa sannu dubu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar koyarwa, a tara ɗalibai cike da gefen gado a yaye masa riga ba tare da an ce masa ko uffan ba, ana ta Turanci a kansa wasu na rubutu, a gama a watse a bar shi a buɗe sai mahaifiyarsa ta zo ta rufe shi.

Maganar kuɗi kuwa kowa ya sa baki, har masu jinya. Komai a nan daga aljihu yake fita, safar hannu, ruwa, allura, zare, gwaji. Ƙorafinsu shi ne likitan safe ya rubuta magani na kwana biyar a sayo, na yamma ya zo ya canza, ga shi kemis ba ya karɓar abin da ya sayar, ko a sa ka maimaita gwajin da aka yi jiya don wani bai buɗe fayil ya duba ba. 'Yar Sabon Gari ita sai ta tambayi Yaya a gefe yaya ƙarfin aljihu, ta rubuta na kwana biyu biyu, in akwai mai sauƙin kuɗi da ke aiki iri ɗaya ta faɗa, in kuma babu makawa sai mai tsadar ta ce wannan kam a daure a saya. Yaya ya ce wannan tambayar kaɗai ta sa ya ji kamar da 'yar uwa yake magana.

A kwana na biyar zazzaɓi ya rufe Baffa da dare, wurin ɗinkin ya yi ja ya kumbura. Ɗan hawus job ne a kusa. Ya duba, ya auna, ya danna cikin ta ko'ina, sai ya ce mana a fili, "Ina zaton ciwon ne ya yi ruwa, amma ina tsoron kada ya zama haɗin hanjin ne ya saki, ban tabbata ba, zan taso oga." Yoyon haɗin hanji shi ne abin da ake tsoro a daidai waɗannan kwanakin, in ya faru sai an koma tiyata. Jirgi ya zo idonsa jajur, da alama daga tiyata ya fito, ya taɓa cikin ya ga laushi, ya tambaya ko yana fitar da iska aka ce e har ya yi bayan gida, ya ce a kawo tire. Ya warware zare uku, ya sa ɗan ƙarfe ya buɗa, mugunya ta fito da yawa, ya wanke ya cusa gos, duka bai fi minti biyar ba. Baffa ya yi ƙara har na gadon ƙarshe ya farka, don babu wanda ya ce masa ga abin da za a yi ko za ka ji zafi. Jirgi ya cire safar hannu, ya rubuta a fayil, ya kira babban rijistara ya shaida masa, ya wuce. Kafin azahar zazzaɓin ya sauka.

Abin da Baffa ya ce da safe shi ne, "Yaron nan hannunsa alheri ne, Allah ya yi masa albarka, amma da ya ce min Baba riƙe gado da na riƙe." Game da ɗan hawus job kuma ya ce duk cikinsu shi ne bai iya komai ba tukuna kuma shi ne wanda ba ya jin tsoron kwana a hannunsa, don ya san iyakarsa. Wannan maganar na juya ta sosai. Mu a waje muna ɗauka likitan da ya ce ban sani ba ya zubar da girmansa, su kansu matasan na ga alamar suna jin nauyin faɗar haka a gaban ogansu da marasa lafiya, amma a ɗakin nan ban ji mutum ɗaya da ya raina yaron don ya kira na gaba ba, har direban ma cewa ya yi wannan zai yi nisa.

Ba zan yi adalci ba in ban faɗi halin da suke aiki a ciki ba. Wanda ya kwana kol, wato aikin kwana a asibiti, ba ya tafiya gida da safe, zagaye ke jiransa, daga nan kilinik ko tiyata, na sha ganin Jirgi zaune a kujerar nas ya kifa kai a kan fayil da asuba, an taɓa shi ya miƙe kamar bai rintsa ba. Abokan karatunsu da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, aikin mutum uku ya koma kan ɗaya, ga karatun jarrabawa, ga rigimar albashi da alawus da ke sa ƙungiyarsu shiga yajin aiki a kai a kai. Marasa lafiyan ma sun san haka, suna tausaya musu, matar dattijon Giwa har fura take ajiye wa ɗan hawus job. Sai dai 'Yar Sabon Gari ma kol ɗin nan take yi, gajiyar nan take yi, kuma abubuwan da aka yaba mata, sallama, faɗin suna, jan labule, gargaɗi kafin zafi, in ka haɗa su duka ba su kai mintin da ake ɓatawa wajen neman fayil ba. Ni a ganina ba lokaci Jirgi ya rasa ba, an koya masa ɗinki an gwada shi a kai, ba a taɓa gwada shi a kan yadda zai gaya wa tsoho za a yanke masa hanji ba. Ko a jarrabawar da ake kawo mara lafiya na gaske a duba shi a gaban malamai, ba shi ke ba da maki ba.

Akwai wani ƙaramin abu da Baffa ya fi yawan ba da labarinsa in an zo gaishe shi. Tun da aka sa masa robar fitsari ya daina salla, yana ganin ba shi da tsarki, ga kanula a hannu ga filasta, kuma kunya ta hana shi tambayar kowa, mu ma ba mu lura ba. 'Yar Sabon Gari, wadda ba Musulma ba ce, ita ta lura ana kiran salla kowa na neman dutsen taimama shi yana juya baya. Ta ce masa ita ba malama ba ce, amma ta ga masu irin robar nan da yawa suna salla a zaune ko a kwance, ta ɓangaren ciwo kuma babu abin da zai hana muddin bai yi ruku'u da sujada da ƙarfi ba bai kuma jiƙa filasta ba, sauran hukuncin ya tambayi malami. Ta sa aka kira wani ma'aikacin ɗakin da ke limanci a masallacin asibitin ya zo ya yi masa bayani.

Da aka cire robar fitsarin ma sai fitsari ya ƙi fita, abin da ke yawan samun dattawa bayan aiki saboda kumburin ƙwayar nan ta ƙasan mafitsara, aka mayar da ita na wasu kwanaki aka ba shi magani sannan aka sake cirewa ya yi da kansa. Wannan karon Jirgi ne ya mayar, kuma ya ce "Baba za ka ji ɗan zafi" kafin ya fara, ban san ko wani ne ya yi masa magana ba.

An sallame shi bayan kusan mako uku, ciwon na warkewa daga ciki, aka ce a ci gaba da diresin a asibitin unguwa, kada ya ɗaga kaya mai nauyi na aƙalla mako shida, kuma a gaya masa ƙaba na iya dawowa musamman da yake ciwon ya yi ruwa, in ya ga kumburi kada ya jira kaka. Ranar komawa kilinik ya sa aka ɗauko ƙwaryar ƙwan zabi zai kai wa 'yarsa, muka tarar da wata sabuwar fuska, aka ce ita an mayar da ita ɓangaren ƙashi, ɗan hawus job ya koma ɗakin yara, haka tsarin yake, duk bayan 'yan watanni ake juya su. Baffa bai ji daɗi ba sam, ya ce ko sallama babu, kuma yanzu sai ya faro labari daga farko ga wanda bai san shi ba. Sabon likitan ya buɗe fayil ya karanta, ya ce a'a Baba ba sai ka faɗa ba, an rubuta komai, har da cewa kai za a riƙa yi wa bayani kai tsaye da Hausa ba 'ya'yanka ba. Ya duba ciwon, ya sa shi ya yi tari yana taɓa wurin, ya ce lafiya lau, ya ba shi wata uku ya dawo. Ƙwan kuma Yaya ya bi sawu har ɓangaren ƙashi ya bar mata a wajen nas don tana tiyata.